Gardamar matasa kan fina-finan sararin samaniya ba shirme ba ce

Ranar Asabar da ta wuce na kai wayata gyara wani shago da ke kusa da Ƙofar Ƙaura, a nan cikin birnin Katsina, saboda ta daina karɓar caji sai an danne kan cajar da yatsa. Na tarar da mai gyaran, matashi da bai wuce shekara talatin ba, ya sunkuya a kan teburinsa yana narka dalma, bakinsa kuma bai huta ba, domin gardama ta kaure tsakaninsa da yaran shagonsa biyu da wani ɗalibin jami'a da ya zo a tura masa fim. Abin da suke ja-in-ja a kai shi ne wani fim mai dogon zango na ƙagaggen labarin kimiyya, inda aka nuna wani ƙaton kumbo ya tarwatse a sararin samaniya da ƙara kamar ta aradu. Ɗalibin ya ce masu fim ɗin sun yi kuskure, babu wata ƙara da za a ji a can. Ƙaramin yaron shagon kuwa ya ce hankalinsa bai kama ba, a ce abu mai girman unguwa guda ya fashe amma shiru kake ji.

Wani dattijo da ke zaune a kan benci yana jiran tasa wayar ya girgiza kai ya ce, "Ku ji shirme. Ƙasa tana cikin wannan hali, ku kuna nan kuna musu a kan tatsuniyar Turawa." Yaran suka yi tsit. Mai gyaran ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," ya miƙa masa wayarsa da hannu biyu.

Ban tanka ba a wurin, domin ba tarbiyyarmu ba ce a yi wa babba gyara a gaban yara. Amma maganar ta tsaya mini a rai, saboda na sha jin irinta daga bakin iyaye da malaman makaranta, har da waɗanda suka karanci kimiyyar. Ra'ayina shi ne wannan gardama tana cikin mafi amfanin hirarrakin da matasanmu ke yi a yau. A cikinta ne yaro ke koyon tambayar "ta yaya?" ba tare da tsoron bulala ko jarrabawa ba, kuma da Hausa yake yin tambayar, harshen da yake tunani da shi. Wanda ya ji ya kira ta shirme bai tsaya ya saurari abin da ake faɗa ba ne.

Me suke musu a kai?

Duk wanda ya taso a ƙauye ko a tsohuwar unguwa ya taɓa hangen mace tana daka daga nesa, ya ga taɓarya ta sauka a turmi, sai bayan ɗan lokaci sautin ya iso kunnensa. Haka ma da damina, walƙiya ke riga tsawa isowa. Dalili shi ne sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne kawai a daƙiƙa, wato kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, alhali haske yana shafe kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Sauti girgiza ce da ke buƙatar abin da zai ɗauke ta, ko iska ko ruwa ko ƙarfe, kuma a sararin da ke tsakanin duniyoyi babu iskar da za ta yi wannan dako. Saboda haka ɗalibin ya yi gaskiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya, bayan dattijon ya tafi. Mai gyaran ya ce maganar ɗalibin ba ta cika ba, domin idan ɓaraguzan kumbon da ya fashe suka bugi jikin naka kumbon, lalle za ka ji, tunda ƙarfen zai ɗauko girgizar ya miƙa wa iskar da ke cikin ɗakin da kake zaune. Sai ya sa ƙaramin yaron ya kara kunnensa a ƙarshen teburin ƙarfen, shi kuma ya ɗan ƙwanƙwasa ɗaya ƙarshen da sukudireba a hankali, yadda mu da ke tsaye da ƙyar muka ji. Yaron ya ɗago da sauri yana murza kunne. An faɗi magana, an kawo gyara a kanta, an gwada an gani, duk cikin minti biyar, kuma babu allo babu alli.

Daga nan suka koma kan batun nauyi. Babban yaron ya tambaya me ya sa mutanen cikin fim suke takawa a cikin kumbo kamar suna tsakar gida, alhali 'yan sama jannati na gaskiya da ake nunawa a labarai shawagi suke yi. Mutane da yawa suna zaton ƙarfin jan ƙasa ne ya ƙare a can. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana da nisan kimanin kilomita 400 ne daga doron ƙasa, bai ma kai nisan Katsina zuwa Abuja ba, kuma jan ƙasa a wurin ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na wanda muke ji a nan. Suna shawagi ne domin su da tashar duk faɗuwa suke yi tare, amma gudun da suke yi a kaikaice, kusan kilomita 28,000 a awa, ya sa faɗuwar ta zama kewaya duniya, sau ɗaya a kowane minti 90.

Hanyoyi biyu aka sani na samar wa mutum nauyi a cikin kumbo, kuma kowanne muna da misalinsa a gida. Idan yaro ya ɗaura igiya a bokitin ruwa ya wulwula shi sama da kansa da sauri, ruwan ba ya zuba, yana manne da gindin bokitin, kuma haka kumbo mai juyawa zai manne ƙafar mutum a bangonsa. Idan kuma direban motar Daura ya taka totur da ƙarfi daga tasha, bayanka yakan danne kujera muddin gudun yana ƙaruwa. A kan wannan hanya ta biyu aka gina kumbunan fim ɗin The Expanse, wanda aka fara nunawa a 2015: an tsara su kamar bene mai hawa-hawa da inji a ƙasansa, kuma idan an ci rabin hanya sai kumbon ya juya baya ya hura wutar injin gaba domin ya rage gudu, tunda babu kwalta da taya za ta kama balle a taka birki. Yaran shagon sun riga sun raɗa wa wannan abu suna, suna ce masa "nauyin aro". Na daɗe ina karanta bayanin kimiyya da Hausa, ban ci karo da sunan da ya fi wannan dacewa ba.

Akwai kuma batun saƙo. A wasu fina-finan za ka ga mutum a duniyar Mars yana hira da iyalinsa kai tsaye kamar yana Funtuwa. Saƙon rediyo da gudun haske yake tafiya, kuma tsakanin duniyarmu da Mars yakan ɗauki minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda kowacce take a zagayenta na rana. Idan ka yi sallama, amsar za ta iya ɗaukar fiye da minti arba'in kafin ta dawo. Lokacin da motar bincike ta Amurka mai suna Perseverance ta sauka a Mars a watan Fabrairun 2021, saukar ta ɗauki kimanin minti bakwai, saƙon kuma yana ɗaukar fiye da minti goma sha ɗaya, don haka kafin masu kula da ita su ji cewa ta fara sauka, ta riga ta dira. Yaron da ya gano wannan kuskure a fim ya fahimci cewa haske ma yana da iyakar gudu, abin da ɗalibai da yawa ke haddacewa su rubuta a jarrabawa ba tare da ya taɓa shiga ransu ba.

"Ai tatsuniya ce, wa ke bin diddigin tatsuniya?"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma tana da ɗan ƙarfi. Babu yaron da ke tambayar kakarsa ta yaya Gizo yake magana da bakin mutane. Tatsuniya da kanta takan wanke kanta a ƙarshe, a ce ba don Gizo ba da an yi ƙarya.

To amma ko tatsuniya tana da ƙa'ida. A gwada ba yara labarin da Gizo ya wayi gari mai gaskiya da riƙon amana, ya kuma kayar da zaki da ƙarfin tuwo ba da wayo ba, a ga ko ba za su ce "ba haka take ba". Sun yarda gizo-gizo ya yi magana, amma ba za su yarda ya saɓa wa halinsa ba. Labarin kimiyya kuwa ya ɗauki alkawarin da ya fi na tatsuniya nauyi, domin ya sa rigar ilimi, yana ambaton inji da makamashi da nisan taurari da lissafi. Wanda ya sa rigar malamai ya hau mumbari, bai kamata ya ji haushi ba idan aka yi masa tambaya.

A ganina marubucin irin wannan labari yana da izinin ƙaga abu ɗaya ko biyu waɗanda labarin ba zai yiwu ba sai da su. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu haske ma sai ya yi tafiyar fiye da shekara huɗu kafin ya isa gare shi. Kumbon Voyager 1, wanda aka harba a 1977, yana gudun kimanin kilomita 17 a daƙiƙa, wato zai je Daura daga Katsina cikin daƙiƙa biyar, amma duk da haka sai ya shafe fiye da shekara 70,000 kafin ya ci nisa irin wannan. Idan ba a ƙaga injin da ya fi haske gudu ba, jarumin zai mutu bai bar unguwarmu ta rana ba. Masu kallo sun san haka, kuma suna yafewa. Abin da ba sa yafewa shi ne a ce yau injin yana buƙatar kwana uku ya huce, gobe kuma a kunna shi sau biyar a jere saboda marubucin ya shiga lungun da ya rasa mafita.

Ashe ke nan matasan nan suna rarrabe abu uku: abin da ilimi ya tabbatar, abin da aka ƙaga da izini, da abin da sakaci ne tsagwaronsa. Wannan rarrabewa ita ce ainihin abin da muke rasawa idan aka turo mana saƙon murya a WhatsApp ana tallar maganin da ke warkar da cuta arba'in, ko wata 'yar na'ura da za a maƙala wa babur ya daina shan mai. Wanda ya saba tambayar fim "ta yaya?" da wuya ya miƙa kuɗinsa ga mai irin wannan talla bai yi masa tambayar ba.

Wani lokaci ma tambayar mai kallo takan wuce fim ɗin. A 1994 wani masanin kimiyyar fiziks ɗan ƙasar Meziko, Miguel Alcubierre, ya wallafa takarda yana auna ko ƙa'idojin masanin kimiyya Einstein sun bar ƙofar irin tafiyar da ta fi haske gudu da ake yi a Star Trek, fim ɗin da aka fara nunawa a talabijin ɗin Amurka a 1966. Babu wanda ya ƙera injin, kuma mai yiwuwa ba za a taɓa ƙera shi ba, amma masana suna ci gaba da nazarin lissafin har yau.

"Ƙasa tana cikin wani hali"

Dattijon bai yi ƙarya ba a nan. Mu mutanen Katsina ba ma buƙatar wani ya ba mu labarin matsalar tsaro a ƙauyukanmu, ko tsadar abinci, ko rashin wutar lantarki, ko yaran da ke gararamba a titi lokacin da ya kamata a ce suna aji. Amma ban ga yadda rufe bakin yaron shagon gyaran waya zai rage ko ɗaya daga cikinsu ba.

Su wa ke haɗa mana sola a gidaje da masallatai da rijiyoyin burtsatse? Su wa ke bin layukan cikin waya da mita, ɗaya bayan ɗaya, har su gano inda wuta ke zurarewa? Irin waɗannan matasa ne. Tunanin da mai gyaran ya yi amfani da shi a kan teburin ƙarfe shi ne wanda ya yi amfani da shi a kan wayata: ya zargi wurin caji, ya gwada, ya ga ba shi kaɗai ba ne, ya ci gaba da nema. Ba zai yiwu mu so hannunsu ya ƙware, mu kuma hana ƙwaƙwalwarsu yin wasan da ke wasa ta ba.

Sannan sararin samaniya bai yi nisa da rayuwarmu kamar yadda ake zato ba. Farantin tauraron ɗan'adam da ke kan rufin gidajenmu yana fuskantar wuri ɗaya dare da rana ne saboda tauraron yana nisan kimanin kilomita 36,000, inda zagayensa ke daidai da juyawar duniya. Wanda ya yi fice wajen bayyana wannan dabara ta sadarwa tun a 1945, kafin a harba ko da tauraro ɗaya, shi ne Arthur C. Clarke, ɗan Ingila, marubucin ƙagaggun labaran kimiyya. Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999. Tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, aka harba shi daga Rasha a 2003. Na sadarwa, NigComSat-1, China ta ƙera ta harba a 2007, ya daina aiki a 2008 saboda matsalar farantan solarsa, sai a 2011 aka maye gurbinsa. Ina so in ga ranar da ɗan Katsina ko ɗan Daura zai zauna a teburin da ake zana irin waɗannan farantai, kuma na tabbata ba zai fito daga cikin yaran da aka koya wa jin kunyar tambaya ba.

Muna da gidajen kallon ƙwallo a kowace unguwa, inda ake kwashe awa biyu ana musu a kan ko ɗan wasa ya yi satar gida. Ban taɓa jin an ce a daina saboda halin da ƙasa ke ciki ba, ni ma ban ce a daina ba. Kuma bai kamata mu manta wane gari muke ba. Garin nan ne ya haifi Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi rubutu a kan jadawalin lambobin da jimillarsu ke daidaita ta kowace fuska, ya rasu a Alƙahira a 1741. Kakanninmu da suka raɗa wa taurari suna, Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta, sun ɗaga kai sun kalli sama, kuma su ma suna da yunwa da yaƙi a zamaninsu.

Batun tarbiyya

A nan ina tare da iyaye rabin hanya. Wasu daga cikin waɗannan fina-finai suna ɗauke da shiga da ɗabi'u da suka saɓa wa addininmu da al'adarmu, kuma uban da ya bar ƙaramin yaro da waya cike da fina-finan da bai san abin da ke ciki ba ya yi sakaci. Wannan magana ce ta tace abin da ake kallo, kuma ta shafi kowane irin fim.

Tambaya a kan yadda sammai ke tafiya kuwa ba ta taɓa zama abin ƙyama a wurin malamanmu ba. Alƙur'ani ya yabi masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa da saɓawar dare da yini. A 2007, da ɗan sama jannatin Malesiya, Sheikh Muszaphar Shukor, zai tafi tashar sararin samaniya a cikin watan Ramadan, malaman ƙasarsa sun zauna da masana kimiyya suka fitar masa da jagora a kan salla da azumi da fuskantar alƙibla, a wurin da rana ke fitowa sau goma sha shida a kwana guda. Ba za su iya ba da wannan fatawa ba sai da suka fahimci yadda tashar ke zagaya duniya, wato ainihin abin da yaran shagon ke musu a kai.

Inda nake da ja da matasan

Ba duk gardamar ce ke burge ni ba. Na ga waɗanda suka haddace sunayen kumbuna da bindigogin da babu su a duniya, suna kawo lambobin da marubuci ya ƙaga kamar a ɗakin gwaji aka auna su. Na ga kuma waɗanda burinsu kawai su kayar da abokin magana, su jefa masa kalmar Turanci da su kansu ba za su iya warware ta da Hausa ba. Ɗalibin nan ma sai da ya so ya yi haka, ya ambaci sunan abin da Turanci ya yi shiru kamar an gama magana, sai da mai gyaran ya ce masa, "Malam, faɗa wa yaron nan yadda zai gane." Wanda ya kasa bayyana abu ga yaro ɗan shekara goma sha uku da harshen gida, to sunan abin ya sani kawai. Gardamar tana da daraja ne idan ta kai ga a gwada, ko a buɗe littafi, ko wani ya ce "na yarda, ni na yi kuskure".

Malaman kimiyya na makarantun sakandarenmu su ne suka fi kowa asara idan suka raina wannan. Malamin da ya nuna wa aji minti uku na fashewar kumbo a wayarsa, ya ce a nemo masa kuskure biyu a ciki, zai koyar da darasin sauti da na haske a ranar, kuma ɗaliban za su ci gaba da musun har a hanyar gida. Bokiti da igiya da teburin ƙarfe ba sa buƙatar kasafin kuɗi. Gidajen rediyonmu da ke ba da awa guda ga sharhin ƙwallo za su iya ware rubu'in awa ga irin wannan hira da Hausa, kuma ina da yaƙinin wayoyin masu kira ba za su huta ba.

Da na koma karɓar wayata da la'asar, ƙaramin yaron ya tare ni da wata sabuwar tambaya, ganin ɗazu na tsaya ina saurare. Ya ce, "Yallaɓai, to in babu iska a can, ta yaya wutar injin kumbon take ci?" Na gaya masa cewa roka tana tafiya da nata iskar, sinadarin oksijin da aka sanyaya har ya zama ruwa, a tanki daban da na mai, sai a haɗa su a cikin injin. Ya yi shiru yana juya maganar, sannan ya ce idan ya koma gida zai kifa kofin gilashi a kan kyandir ya ƙirga daƙiƙa nawa wutar za ta yi kafin ta mutu, ya kuma sake gwadawa da kwalbar da ta fi girma.